Da'irorin Duwatsu a Kufan Ƙasar Tsafe da Kwatarkwashi

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin wannan yanki namu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wanda babban ɓangarensa yake cikin abin da magabata suke kira Katsinar Laka, yakan fara ne daga 'Yandoto. Yakan kawo labarin Muhammadu Korau, wanda tarihin baka na Katsina ya ce daga 'Yandoto ya fito, ya kayar da Sanau a kokawa, ya karɓi sarauta daga hannun Durɓawa. Masana da yawa suna sanya zamaninsa a ƙarni na 15. Daga nan sai marubuci ya tsallako zuwa shaharar garin da ilmi da malamai, da yaƙin da Muhammadu Bello ya yi da shi tsakanin ƙarshen 1805 da farkon 1806, sannan kafuwar Gusau a hannun Malam Sambo ɗan Ashafa. Wannan tarihi ne ingantacce, kuma shi muke koya wa yara. Amma idan aka lissafa shi duka, bai wuce shekara 600 ba, alhali kuwa an zauna a kan duwatsun da suka kewaye mu tun kafin a haifi kakan kakan Korau. Waɗancan mutane ba su bar mana littafi ko jerin sunayen sarakuna ba. Abin da suka bari shi ne tsingaro, da duwatsun niƙa, da kashin tama, da mutum-mutumin yumɓu, da kuma duwatsu da suka jera a kewaye, waɗanda a kansu ne nake son in yi bayani a wannan maƙala.

Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, ya nuna irin muhimmancin da manyan duwatsu kamar Kwatarkwashi suke da shi wajen kafuwar garuruwan ƙasar Hausa. Dalilan ba su da wuyar fahimta. Gindin dutse yana riƙe ruwa har cikin rani, ƙasar da ke kewaye da shi tana da albarka, kansa kuwa mafaka ne ranar da mahara suka zo. Bugu da ƙari, mutanen da suna ɗaukar duwatsun a matsayin mazaunin iskoki, shi ya sa Dutsen Kwatarkwashi ya yi suna a wurin Maguzawa na nesa da na kusa saboda Magiro. Haka abin yake a Dala ta Kano, da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau. Saboda haka wanda yake neman farkon tarihinmu, sai ya ɗaga kai ya dubi dutse.

Tafiya Zuwa Kufai

A cikin watan Janairu na 2007, lokacin ina bakin aiki, wani tsohon maharbi da na saba da shi a kasuwar Tsafe ya ba ni labarin wani kufai a kan wani dutse da ke cikin dajin da ya raba ƙasar Tsafe da ta Kwatarkwashi. Ya ce akwai duwatsu a can da aka dasa a kewaye, kuma tun yana yaro yake ganinsu a haka. Da gangan na bar sunan dutsen da na ƙauyen da ke kusa da shi, kuma mai karatu zai ga dalili a gaba.

Mun bar kwalta da sassafe a kan babur, muka bi burtali har inda babur ya gaza, muka ajiye shi a wata ruga, sauran tafiyar kuwa a ƙasa muka yi ta. Lokacin ya dace, domin an gama kaka, an ƙone ciyawa, ƙasa ta fito fili. Wanda ya je irin wannan wuri da damina ba zai ga komai ba sai gamba. Hawan ya ɗauke mu fiye da awa ɗaya, tsohon yana gaba da sandarsa, ni da nake ganin na fi shi ƙuruciya ina baya ina haki. Kafin mu kai sama, sai muka ratsa wata tsohuwar ganuwa ta duwatsu da aka ɗora ba tare da laka ba, wadda ta toshe wani lungu tsakanin manyan duwatsu biyu, watau hanya ɗaya tilo da mutum zai iya bi ya hau. Daga nan na tabbata cewa waɗanda suka zauna a wurin sun san tsoro.

A saman akwai fili mai faɗi, ga falalen duwatsu, ga ƙasa a tsakaninsu, ga kukoki biyu. Maharba suna cewa duk inda ka ga kuka a tsakiyar daji, ka duba ƙasa, an taɓa zama a nan. Tsingaro kuwa ko'ina ka taka, wani mai kauri, wani mai zanen da aka yi da murɗaɗɗiyar igiya tun yumɓun yana ɗanye. A kan falalen akwai gurabun niƙa masu santsi, wasu sun yi zurfin da tafin hannu zai shige. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana niƙa a dutse ya san cewa ba a shekara goma ko ashirin ake cin dutse haka ba.

Na sunkuya zan ɗauki wani guntun tukunya, sai tsohon ya ce, "Malam, nan ba a ɗaukar komi. Duba da ido, ka bar musu abinsu." Na ce, "To, Baba." Shi yana faɗin haka ne don tsoron masu wurin. Masanin binciken kufai ma abin da zai faɗa mini ke nan, ko da yake dalilinsa daban ne.

Yadda Ake Karanta Da'ira

Da na tambaye shi su wa suka jera duwatsun, sai ya ce Samudawa. Wannan ita ce amsar da za ka ji kusan ko'ina a ƙasar Hausa: duk abin da ya tsufa har aka manta mai shi, sai a ba Samudawa ko aljannu. Amma wanda ya tashi a karkara, idan ya natsu ya duba, zai gane yawancin da'irorin da kansa, domin har yanzu muna yin irinsu.

Mafi yawa su ne ƙanana, waɗanda faɗinsu bai wuce taku biyu zuwa uku ba, duwatsu shida ko takwas a tsaye, sau da yawa da ɗaya a tsakiya. Waɗannan gindin rumbu ne. Har gobe manomi ba ya ɗora rumbu ko rufewa a ƙasa, sai ya dasa duwatsu ya ɗora a kai, don gudun gara da danshi da ɓera. Laka ta narke, kara ya ruɓe, dutse ya zauna inda aka dasa shi. A ganina waɗannan ƙananan da'irori sun fi kowane abu a kufan daraja, ko da yake ba su da ban sha'awa. Suna gaya mana cewa mutanen manoma ne, ba maharba masu wucewa ba, cewa suna samun hatsin da ya wuce na ci yau, kuma suna hawa da shi kan dutse don ba su amince su bar shi a gona ba. Idan aka ƙidaya gindin rumbu a kufai, ana iya ƙiyasta yawan gidajen da suka zauna a cikinsa.

Sai masu bi musu a girma, masu faɗin taku biyar zuwa shida, duwatsun a manne da juna, da giɓi a gefe ɗaya. Waɗannan harsashin ɗaki ne, giɓin kuwa ƙofa. A cikin ɗaya daga cikinsu na ga duwatsu uku na murhu. Na lura cewa ɗakunan da rumbunan ba a warwatse suke ba, suna taruwa ne rukuni rukuni, kamar yadda gida yake da sassa a yau.

Akwai kuma irin da nake jan hankalin malamai a kai, domin yana ruɗa mutane. Makiyaya da matafiya sukan jera duwatsu su kewaye wurin salla, su fitar da ɗan lungu ta gabas. Wannan masallaci ne, kuma yana iya zama na bara ko na shekara hamsin da suka wuce. Ana gane shi da lungun alƙibla, da kuma yadda duwatsun suke zaune a kan ƙasa ba a binne ba, babu gansakuka a jikinsu.

Wadda maharbin ya kawo ni in gani tana can gefe, nesa da gidajen, a wani ɗan tudu da ke fuskantar gabas. Na auna faɗinta da ƙafa, ya kai taku goma sha biyu. Duwatsun dogaye ne, an dasa su a tsaye, wasu sun kai gwiwa, wasu sun kusa ƙugu, kuma babu mutum ɗaya da zai iya ɗaga ko guda. Ta yi wa rumbu girma, kuma babu jinkar da za ta rufe ta. Irin wannan wuri yakan zama ɗaya daga cikin abu uku: kushewar wani babba, ko wurin zaman dattawa, ko wurin tsafi, kuma a zamanin da ba lalle ne a raba ukun ba. Abin da zai warware magana yana ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar da'irar. To a daidai tsakiyar nan ne na tarar da rami wanda ya kai zurfin ƙirjin mutum, ƙasar da aka fitar tana gefe ciyawa ta tsiro a kanta, ga fasassun tukwane a zube. Tsohon ya ce baƙi ne suka zo da 'yan haƙa fiye da shekara goma kafin zuwanmu, suka kwana uku suka tafi.

Abin da Ake Samu a Wasu Ƙasashe

Jera duwatsu a kewaye al'ada ce da aka yi a sassa da yawa na duniya. Wadda ta fi suna ita ce Stonehenge a kudancin Ingila, wadda aka fara wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kafa manyan duwatsunta wajen shekara 500 bayan haka. Wasu daga cikinsu sun kai nauyin tan 25. An ɗauko ƙananan daga ƙasar Wales, tafiyar fiye da kilomita 200, kuma wani bincike da aka buga a 2024 ya nuna cewa wani dutse guda da ke kwance a tsakiya daga arewa maso gabashin Sikotilan aka kawo shi.

Amma ba sai mun je Turai ba. A ƙasashen Senegal da Gambiya akwai irin waɗannan wurare fiye da 1,000 a tsawon kilomita 350 na Kogin Gambiya. An sassaƙa duwatsun daga marmara, irin wadda muke haƙa mu yi gini da ita, aka gyara su kamar ginshiƙai. A Sine Ngayene kaɗai akwai da'ira 52, a Wassu kuma akwai 11, kuma dutsen da ya fi tsayi a can ya haura mita biyu da rabi. Haƙar da masana suka yi ta nuna cewa kaburbura ne, an kuma yi ta gina su tun daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa ƙarni na 16. A 2006 hukumar UNESCO ta sanya rukuni huɗu daga cikinsu a jerin wuraren tarihi na duniya, Gambiya kuwa har hotonsu ta buga a takardar kuɗinta. A nan gida Nijeriya, a yankin Ikom na Jihar Kuros Riba, akwai duwatsun da ake kira Akwanshi, masu siffar fuskar mutum, da yawansu a jere a kewaye. Philip Allison ya ƙidaya kusan 300 a 1961 da 1962, amma an sace da dama daga cikinsu tun daga lokacin yaƙin basasa.

Na kawo waɗannan misalai ne don mai karatu ya san inda namu suka tsaya. Ba na goyon bayan masu cewa muna da Stonehenge a Zamfara. Duwatsunmu ba sassaƙaƙƙu ba ne, ba a kuma ɗauko su daga nesa ba, yawancinsu ma kayan zaman yau da kullum ne. Yi musu kirarin da ba nasu ba zai sa idan baƙo ya zo ya gani ya raina su, mu kuma ya raina maganarmu. Bambanci na gaskiya tsakaninmu da Gambiya shi ne, su an auna nasu, an zana taswirarsu, an haƙa wasu bisa ƙa'ida, an san shekarunsu.

Me Ya Sa Ramin Ya Zama Hasara

Ba a sanin shekarun dutse da ido, domin dutsen ya girmi wanda ya dasa shi da miliyoyin shekaru. Abin da ake aunawa shi ne abin da aka samu tare da shi. Duk abu mai rai, itace ko ƙashi ko ƙwayar gero, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14, wanda yake fara raguwa daga ranar da abin ya mutu, rabinsa yana ƙarewa a cikin kowace shekara 5,730. Idan aka sami gawayi a ƙarƙashin dutsen da aka dasa, aka auna abin da ya rage na wannan sinadari, sai a san lokacin da aka hura wutar, daga nan a san cewa ba a dasa dutsen kafin wannan lokaci ba. Amma sharaɗin shi ne a sami gawayin a inda yake kwance, a san abin da ke samansa da abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙasa tana taruwa ne hawa hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Ɗan haƙa yana zuwa da diga ya cakuɗa hawan shekara dubu a yini ɗaya, ya zubar da gawayin da ƙashin don ba su da kasuwa.

Abin da baƙin suke nema shi ne mutum-mutumin yumɓu. A shekarun 1990 haƙar neman waɗannan kaya ta bazu a ƙasar Nok da kuma nan yankin Kwatarkwashi, dillalai suna saye a hannun talakawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su fitar da su ta Kwatano da Lome zuwa kasuwannin Turai. Wani masani Bature, Patrick Darling, ya rubuta maƙala a 2000 a kan wannan ɓarna, kuma sunan Kwatarkwashi yana cikin kan maganarta. A wannan shekarar ce Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da suke cikin haɗari, ta sanya mutum-mutumin Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina a ciki. Har ila yau a 2000 aka baje guda biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Duk wannan ya faru ne alhali Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana haƙa da cinikin kayan tarihi ba tare da izini ba.

Gwajin da aka yi wa wasu daga cikin irin waɗannan mutum-mutumi a Turai ya ba da shekaru wajen 2,000. Watau a wannan sashe na ƙasar Hausa an yi masu gina yumɓu gwanaye tun fiye da shekara 1,000 kafin Korau. Amma kayan suna can cikin akwatunan gilashi da laƙabin "Katsina" ko "Sakkwato", sunayen da 'yan kasuwa suka raɗa musu, an raba su da ramin da suka fito da tukwanen da aka binne su tare.

A kwatanta wannan da Durɓi ta Kusheyi a Ƙaramar Hukumar Mani ta Jihar Katsina, inda tarihin baka ya ce nan aka binne sarakunan Durɓawa. Palmer ya haƙa wasu daga cikin tuddan a 1907, sannan a 1992 masana daga Jamus tare da Hukumar Gidajen Tarihi suka haƙa guda uku. An ɗauke abin da ke ciki tare da ƙasarsa zuwa birnin Mainz, aka yi shekaru ana tsefe shi a hankali. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna manyan mutane da aka binne tsakanin ƙarni na 13 da na 16, da tasoshin tagulla, da wuri, da duwatsun ado na gilashi, da zinariya, waɗanda suka tabbatar da ciniki da ƙasashe masu nisa. Kushewa uku kacal, amma sun ƙara wa tarihin Katsina babi guda. Ramukan da aka haƙa a duwatsunmu sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Halin da Ake Ciki

Tun bayan da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara, dazuzzukan ƙasar Tsafe sun zama wuraren da mai hankali ba ya shiga, kuma ba na ba kowane malami shawarar ya kai ɗalibai irin inda na je. Ƙauyuka da dama sun tashi, dattawan da suka san sunan kowane dutse da kowane kufai sun warwatsu a Tsafe da Gusau da Funtuwa. Kufan da ke kusa da gari kuwa masu fasa dutse ne suke cinye su, domin dutsen da aka riga aka dasa a tsaye ya fi sauƙin lodawa a tifa. Akwai kuma masu ganin cewa kula da irin waɗannan wurare raya tsafi ne. Ni dai ban ga haka ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta labarin ƙasashe da al'ummomin da suka gabace shi a cikin Infaƙul Maisuri, kuma sanin inda kakanni suka ajiye hatsinsu bai taɓa imanin kowa ba.

Aikin da ya rage a hannunmu a yanzu ba ya bukatar shiga daji. Tsofaffin maharba da manoman da suka yi gudun hijira suna nan cikin gari, wasu ma kakannin ɗalibanmu ne. Malamin tarihi zai iya zama da su da littafi da biro, ya rubuta sunan dutsen, da ƙauyen da ya fi kusa da shi, da ta wace kusurwa ake hawa, da irin duwatsun da ke kai, manya ne ko ƙanana, nawa ne, akwai ganuwa ko babu, an taɓa samun gatarin aradu ko kashin tama a wurin, an taɓa haƙa shi, a wace shekara. Ya rubuta abin da tsohon ya gani da idonsa daban, abin da aka gaya masa daban, ya sa kwanan wata. Kada a buga wurin a jarida ko a sanya shi a Facebook, domin dillalai ma suna karatu. A ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a fadar hakimi ko sarki, ɗaya kuma a kai wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda take da gidaje a Sakkwato da Katsina da Kaduna da Gidan Makama na Kano.